Dutsen da Aka Ara Wurin Baba

Baba ya rasu ranar Talata da hantsi, a bakin tafkin Njuwa na Yola, da komar kamun kifi a kan cinyarsa yana ɗinke inda ta yage. Abokinsa ya yi masa magana sau biyu bai amsa ba. Da ya dafa kafaɗarsa sai ya kife. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa.

Ni surukarsa ce, matar ɗansa. Ban taɓa kiran sunansa ba yana raye, ba kuma zan fara yanzu ba. Shi ma bai taɓa kiran nawa ba. Amarya yake ce min, har na fara furfura.

An yi zaman makoki a unguwar Demsawo, gidan ƙanensa, don ɗakinmu na bakin tafki ba ya ɗaukar mutum biyar. Shekara huɗu Baba bai taka ƙofar gidan nan ba. Da ya mutu sai aka shimfiɗa masa tabarmi a ciki.

Mata sun cika tsakar gida. Abin da ya fi damunsu shekarunsa ne.

"Tamanin ya yi," in ji matar ƙanen nasa, wadda kowa ke kira Goggo.

"Wane irin tamanin? Mutumin da ya san tafkin Chadi tun ba a hango gaɓarsa? Casa'in dai."

"A katinsa na sansani saba'in aka rubuta."

"Ai mai rubutun gemu yake dubawa. Ni hamsin ya ba ni, ina goyo a baya."

Aka yi dariya, aka tuna makoki ake yi, aka yi salati.

Wata da muka zauna tare a sansanin 'yan gudun hijira na Malkohi ta yi kuka na gaske. Ta ce tun da Baba ya fara kamu a Njuwa yake aika mata kawunan kifi, wata bakwai cur, lokacin tana da marayu huɗu ba abin miya. Ta ce abu ɗaya ne ba ta gane ba, kullum kan a fashe yake zuwa. Ni na san dalili.

Abokinsa, wani tsohon masunci ɗan ƙabilar Bata, Kirista, ya ƙi shiga gidan. Ya zauna a bakin ƙofa da hularsa a hannu. An kai masa kunu ya ture.

"Ya tafi ya bar ni da gardama a baki," ya ce. "Wa zan zaga yanzu?"

Duk alherin da suka faɗa gaskiya ne. Amma babu wanda ya faɗi abin da aka yi masa a wannan gida da muke zaune. Ni zan faɗa. Ban yi makaranta ba sai ajin manya da aka buɗe mana a sansani. Abin da na iya ya isa.

Sana'ar Baba su ce, amma abin da aka san shi da shi daban ne. Yana faɗin shekarun kifi.

A cikin kan kifi, bayan ido, akwai ƙananan duwatsu farare guda biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Mutane suna cin karo da su a miya su tofar, ba su san ko mene ne ba. Baba yakan fasa kan da wuƙa, ya ciro su, ya wanke, ya ɗiga musu man gyaɗa, ya ɗaga wa ranar safe. Sai ka ga zobe-zobe a ciki, wani cikin wani. Kowane zobe cikar ruwa ɗaya ne da janyewarsa, wato shekara guda. Wurin mahaifinsa ya koya, shi ma wurin nasa.

"Mutum ne ke rage shekarunsa," yakan ce. "Kifi duk damunar da ya ci tana rubuce a kansa."

Nasa shekarun bai sani ba. In an tambaye shi sai ya ce, "Ku bari in mutu, ku fasa kan ku duba."

Ba don wasa yake ƙirgar ba. In ya ga kifin da ake kamawa a wani lungu duk 'yan shekara biyu ne, sai ya hana mutanen jirginsa jefa koma a wurin har ruwa ya sake cika. In ƙaramin kifi ya shiga hannunsa yakan mayar da shi ya ce, "Kai ba ka yi aure ba tukuna, koma gida." A Njuwa ya taɓa ƙwace gidan sauro daga hannun wani ƙato da ke tace ruwa da shi, ya yayyaga a gabansa, ya ce ya kai ƙara inda ya ga dama. Baƙo ne a garin, ba shi da kowa a bakin ruwan, amma ya yi.

Ba mai sauƙin zama ba ne. Ba ya ba da haƙuri. Shekara ashirin ina yi masa miya, iyakar yabonsa shi ne, "Ba laifi."

Shekara guda kafin a kore mu daga tafkin Chadi, shi da mijina suka kama wani giwan ruwa da ya fi mutum tsawo. Tun asuba suke ja har azahar. A jirginsu akwai al'ada: in mutum biyu suka fitar da irin wannan kifi, sai su raba duwatsun kansa. Baba ya ɗauki na dama, mijina na hagu. Baba ya ɗaga nasa ya ƙirga, ya ce goma sha shida. Sannan ya nuna min wani abu. Ya haɗa su biyun baya da baya, sai na ga bakinsu yana bin juna, kowace tsaga da 'yar'uwarta. Ya ce na kifi ɗaya ne kaɗai ke yin haka. Ko ka fasa kai dubu ba za ka sami wanda zai zauna da naka ba sai ɗan'uwansa. Ni na ɗinka musu 'yan jakunkunan fata, kowa ya rataya a wuya.

Ranar da masu bindiga suka shigo tsibirinmu ba zan ba da labarinta ba. Wanda ya gani ya sani. Mijina ya tsallakar da mu a jirgi, ya ce zai koma ya ɗebo sauran mutane. Baba ya riƙe bakin jirgin.

"In ba mu haɗu ba, kada ka aiko min da baki. Aiko da dutsen."

Mijina ya taɓa wuyansa, ya tura jirgi. Ganina da shi ke nan.

Mu huɗu muka tsallaka. Uwar mijina ta mutu a hanya, cikin Kamaru. Ɗana ya bi ta bayan kwana tara. Mu biyu aka zubo a mota aka kawo Malkohi.

A sansani labari ba ya ƙarewa. Duk wanda aka kawo sabo sai a kewaye shi, kowa da sunan da yake tambaya. Mutum uku suka zo wa Baba da labarin ɗansa. Ba duka ne maƙaryata ba, wani tausayi ne ke sa shi. Baba yakan zaunar da mutum, ya ba shi shayi, ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Me ya ba ka ka kawo min?"

Na farko ya ce gaisuwa. Na biyu ya fito da wata hula. Na uku ya rantse da hannunsa ya binne shi. Baba ya gode wa kowanne. In sun tafi sai ya dafa jakar wuyansa ya ce min, "Ba shi ne ya aiko ba, Amarya." Ba wanda ya san zancen dutsen sai mu.

Haka na zauna, ba matar aure ba, ba mai takaba ba. Bayan shekara huɗu modibbo, malamin unguwarmu, ya ce ina da damar zuwa wurin alƙali a yanke maganar. Baba ya kira ni.

"Amarya, ban riƙe ki ba. In za ki je, ni zan raka ki."

Na ce, "Baba, ni ma dutsen nake jira."

 Ran nan ya ce miyar ta yi daɗi. Sau ɗaya ke nan.

Dole in faɗi gaskiya a kan mutanen Demsawo. Ƙanen Baba ne ya neme mu har ya same mu a sansani. Shi ya fito da mu daga tanti, ya samar mana ɗaki kusa da Njuwa, ya kawo wa Baba koma. Ba zan shafe wannan ba.

Ƙanen nan yana da ɗa, malamin jami'a, karatun kifi ya yi har ƙasar waje. Haifaffen Yola ne, Bappa yake ce wa Baba, ni kuma Adda, yadda Fulani ke kiran baffa da yaya. Kowace Asabar yakan zo bakin ruwa da littafinsa, ya naɗe ƙafar wando, ya tsugunna. Baba ya so shi. Ya ce shi kaɗai ne ke tambaya ya jira amsa. Ya koya masa inda ake sa wuƙa, da yadda ake karkata dutse ga rana. Wata rana har ya kwance jakar wuyansa ya nuna masa, ya gaya masa abin da take jira. Ina wurin. Ya ji komai. Ku riƙe wannan.

Wata Asabar ya zo da labari.

"Bappa, a can ƙasan teku, inda rana ba ta kaiwa, cikin ruwa mai tsananin sanyi, akwai kifin da ke yin ɗaruruwan shekaru."

"Ɗaruruwa? Wa ya zauna ya ƙirga?"

"Shi ne matsalar. Wasu ba su da irin wannan dutse a ka. Wasu kuma zoben ya yi cunkus, ido ba ya raba shi. Sai a ɗebi tsakiyar ƙwayar idon, ko tsakiyar dutsen in akwai, wurin da ya fara samuwa tun kifin yana jariri, a auna wani sinadari da ke ciki."

Ya ce a zamanin iyaye manyan ƙasashe sun yi ta gwada wasu manyan bama-bamai a sararin sama. Abin da suka bari ya shiga iska da ruwan duniya gaba ɗaya. Duk abin da aka haifa bayan nan yana ɗauke da alamarsa a jiki, wanda ya riga shi kuma babu. Alamar tana raguwa a hankali, don haka yawanta yana nuna lokacin da aka haifi kifin.

Baba ya juyo ya dube shi.

"Wato bam ya tashi a wata duniya, kifin da bai ji ko ƙararsa ba yana yawo da tabonsa."

"Haka ne, Bappa."

"To mu da muka ji fa? In an auna mu me za a gani?"

Ɗan ya yi dariya. Baba bai yi ba.

Sai ya fito da abin da ya kawo shi. Yana so ya gwada wannan awo a kan kifin tafkinmu. Yana buƙatar babban dutse na tsohon kifi, wanda aka san shekarar da aka kama shi, wanda kuma gwani ya riga ya ƙirga, don a ga ko ido da inji za su yi daidai. Irin wannan dutse ɗaya ne a duk Njuwa, kuma yana wuyan Baba.

Baba ya ce a'a.

Abokin nan nasa yana gefe yana fiƙe ƙugiya. Tun ranar da suka haɗu yake ce wa Baba boka.

"Ba shi mana, Sarkin Duba! Bari injin Bature ya kunyata ka mu huta. Kullum ka ɗaga tsakuwa sama kamar mai neman wata, ka faɗi lambar da ka ga dama. Wa zai tambayi kifin?"

"Kai da ba ka iya ƙirga 'ya'yanka ba."

"Nawa goma sha ɗaya ne!"

"Jiya goma sha biyu ka ce."

Asabar ta gaba ɗan ya sake tambaya, Baba ya sake cewa a'a. Sai ya biyo ta wurina. Ya same ni a wurin banda ina juya kifi, hayaƙi yana sa shi hawaye.

"Adda, ke kaɗai yake jin maganarki."

"Ba ya jin maganar kowa."

"Ki gwada. Sati uku kacal."

Na ajiye itace na dube shi. "Zai dawo yadda ya tafi?"

"Haba Adda. Haske kawai za a haska masa, kamar hoton ƙirji a asibiti. Kuma sunan Bappa zai shiga takarda, duniya ta karanta ta san akwai mai wannan ilimi."

Zancen sunan ne ya kama ni. Takarda ɗaya ce a duniya ke ɗauke da sunan Baba, katin sansani, shi ma da shekarun ƙarya. Na so a rubuta shi a wani wuri a matsayin wanda ya san wani abu, ba wanda ake ba awon masara ba.

Ban taɓa matsa wa Baba a kan komai ba sai ran nan. Na ce, "Baba, ɗanka ne. Ubansa ne ya fito da mu daga tanti. Sati uku ne."

 Da Asabar ta zo ya kwance jakar, ya zazzage dutsen a tafin ɗan, ya mayar da jakar wuyansa ba komai ciki.

"Aro ne," ya ce.

"Aro ne, Bappa. Useko, na gode."

Sati uku ya zama wata tara. Ya rage zuwa bakin ruwa. In an kira shi sai ya ce dutsen yana ƙasar waje, layi ake bi. Baba bai taɓa ce min ke kika jawo ba. Sai dai ina ganin hannunsa yana zuwa wuya ya dawo.

Wata Juma'a aka aiko mu je Demsawo. An dafa shinkafa, an yanka kaza. Bayan an ci ɗan ya fito da ambulan, fuskarsa tana ta walƙiya.

"Bappa, ka yi daidai! Abin da inji ya nuna bai saɓa da ƙirgarka ba. Abokan aikina sun yi mamaki. Da ido kawai da man gyaɗa!"

Baba ya ce, "Ina dutsen?"

Ya buɗe ambulan ya fito da wani ɗan gilashi. An manna wani abu a kai, siriri kamar abin da ake yankewa daga farce, da huda a tsakiya.

"Ga shi."

"Wannan mene ne?"

"Shi ne, Bappa. Sai an yanka ake kaiwa ga tsakiyar."

"Tsakiyar fa?"

"An narkar da ita. Da iskar da ta fito ake awon."

"Sauran?"

"Ya tafi wurin yanka da gogewa."

 Baba ya riƙe gilashin ta baki-baki, kamar mai zafi.

"Ka san haka za a yi tun ranar da ka karɓa?"

Ɗan ya dubi ubansa, ya dubi ƙasa.

"Bappa, da na faɗa ba za ka bayar ba."

Wannan ce maganar. Ba kuskure ba ne, ba ɓata ya yi a hanya ba. Ya san abin da dutsen yake jira, ya san abin da inji zai yi masa, ya dube ni cikin hayaƙi ya ce hoton ƙirji.

Goggo ta ce, "Haba Yaya, a kan tsakuwar kifi? Yaron nan ɗaukaka ka ya yi fa."

Baba ya ajiye gilashin a kan tabarma. Ya tashi, ya sa takalminsa, ya fita. Ƙanensa ya bi shi yana cewa a tsaya a fito da mota. Bai juyo ba. Da ƙafa ya taka daga Demsawo har Njuwa, ina bayansa. 

Takardar ta fito daga baya. Wata malamar makaranta da ke sayen kifi wurina ta karanta min wurin a wayarta. An rubuta cewa an samo dutsen daga hannun wani masunci. Iyakarta ke nan.

Da abokinsa ya ji inji ya gaskata Baba, ya ji kuma abin da aka yi, sai ya daina ce masa boka. Yana zuwa ya gaishe shi da ladabi ya zauna. Sati biyu Baba ya jure, sannan ya ce masa, "Kai, in ba za ka zage ni ba ka koma can ka zauna. Ban mutu ba." Suka koma yadda suke, amma ba a sake zancen ƙirga ba.

Wata ɓarnar ta biyo baya. Goggo ta yi ta kai ƙarar Baba wurin duk wanda ya shigo gidanta, wai ya yanke zumunci a kan tsakuwar da yake jiran ɗansa ya aiko da 'yar'uwarta. Kafin wata biyu, daga Jimeta har bakin Njuwa babu mai sayar da kifin da bai san zancen ba.

Bayan shekara ɗaya da rabi wani mutum ya zo. Ramamme, da tabon igiya a wuyan hannu. Ya ce daga daji ya kuɓuto, an tsare shi an tantance shi, an sake shi. Ya ce ya bi bakin kogi yana tambayar tsohon tafkin Chadi mai duba kan kifi. Baba ya zaunar da shi, na kawo shayi.

Ya ce ya zauna da wani a wani tsibiri, ana tilasta musu kamun kifi. Ya faɗi sunan mijina. Ya ce da rai ya bar shi, shekara biyu ke nan.

Baba ya ce, "Me ya ba ka ka kawo min?"

Mutumin ya kwance bakin zanen da ya ɗaura a ƙugu, ya fito da wani tsumma, ya warware. Farin dutse ne na giwan ruwa, babba.

 Na zauna a ƙasa.

Hannun Baba ya tafi wuyansa da kansa. Ya kama jakar. Ba komai ciki.

Mutumin bai roƙi komai ba. Ya ci abinci, ya yi sallar la'asar, ya ce zai nemi danginsa wajen Mubi. Ba mu sake ganinsa ba. Yana iya zama mai gaskiya. Yana iya zama wanda ya ji labari a kasuwa, ya tausaya wa tsoho, ya fasa kan wani kifi. Da dutsen Baba yana nan, kafin shayi ya huce da mun sani.

Washegari da safe Baba ya ce in kawo man gyaɗa. Lokacin yanar ido ta riga ta fara rufe masa gani. Ya ɗiga, ya ɗaga wa rana, ya karkata, ya sake karkatawa.

"Na hagu ne," ya ce. "Nawa na dama ne."

"To Baba, shi ne!"

"Kowane kifi yana da hagu, Amarya. Zo ki ƙirga min."

Na ƙirga, na samu goma sha shida. Ya ce in sake. Na samu goma sha biyar. Da na sake, goma sha bakwai. Idona ba nasa ba ne.

Ya karɓa ya rufe ido, ya bi bakin dutsen da babban yatsa, tsaga bayan tsaga, kamar mai jan carbi. Shekaru yana shafa nasa haka.

"Yatsana ya ce shi ne."

Ya sake bin bakin da yatsa.

"Amma yatsana yana so ya zama shi ne."

Ya sa shi a jakar ya rataya. Daga ranar har ya mutu, kowace safiya sai ya fito da shi, ya ɗiga mai, ya ɗaga wa rana. Shekara biyu da rabi. Bai taɓa cewa shi ne ba, bai taɓa cewa ba shi ba ne. Mutumin da bai taɓa yin ƙarya a kan shekarun kifi ba, ba zai fara a kan ɗansa ba, ko don in sami barci.

Sau ɗaya na yi masa maganar. Yana alwala, na tsaya daga nesa na ce, "Baba, ni na sa ka. Ka yafe min."

Ya gama wanke ƙafa tukuna.

"Ke mutum kika yarda da shi, ba laifi ba ne. Ni so na yi a ce na iya. To an ce."

Ranar da ya rasu, masu wanka suka cire jakar daga wuyansa, abokinsa ya karɓa ya kawo min da hannunsa.

Ranar uku, bayan an yi addu'a mutane sun ragu, ɗan ya same ni a bayan ɗakin girki. Ya tsugunna. Idonsa ya yi ja, na yarda kukansa na gaske ne.

"Adda, Allah ya ba mu haƙuri."

"Amin."

"Na san abin da na yi. Ba na barci saboda shi." Ya ɗago kai. "Akwai hanyar gyarawa. Gilashin nan yana wurina. In kin ba ni wanda aka kawo, za a gwada su biyun. In kifi ɗaya ne za a gane. Ki san matsayinki, Adda. Shekara nawa kina zaune haka?"

Ba zan ɓoye ba, zuciyata ta motsa. Sama da shekara goma ina son amsar nan. Na ji nauyin jakar a ƙirjina.

Na ce, "Za a yanka?"

"Za a yanka."

"Za a narkar?"

"Wani ɓangare."

"In inji ya ce bai tabbata ba fa?"

 "Yana iya faruwa."

"To. Yau ka faɗi gaskiya, na gode. Ba zan bayar ba."

"Adda..."

"In mijina ne ya aiko, shi ne abu na ƙarshe da ya taɓa da hannunsa ya iso gare ni. In ba shi ba ne, Baba ya shafa shi shekara biyu da rabi. Ko wanne ne, ba na wuta ba ne. Je ka ɗauko min gilashin. Aro ne, ba a mayar ba."

Ya shiga ya ɗauko. Na naɗe shi a tsumma, na yafa mayafina, na fita. Goggo tana kira wai a bari a yi bakwai. Abokin Baba yana nan bakin ƙofa inda ya zauna tun ranar farko. Ya tashi ya sa hularsa, muka kama hanyar Njuwa.

Ban je wurin alƙali ba. Ina banda, ina sayarwa. Da safe nakan ɗiga mai in ɗaga wa rana. Wata rana goma sha shida, wata rana ba haka ba.

Masu tambayar shekarunsa su ci gaba da tambaya. Ba a rubuta a ko'ina ba, ba kuma wanda zai yanka shi ya auna.

Baba yana maƙabartar da ke kan hanyar tafki, kabari na biyu daga gindin giginya, ba allo ba suna. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Yana can inda ya riga ya sani ko ɗansa ya riga shi isa.